Jar Mustan ta Kabalai

An yi wani mutum a nan Injamena, ɗan mahauta ne, amma shi bai gaji wuƙa ba, fataucin shanu ya kama. Ba za a faɗi sunansa ba, domin 'ya'yansa suna da rai, kuma wa'azi ba tonon asiri ba ne. Yakan sayi shanu a hannun Fulani da Larabawan jeji, ya ƙetara gada da su zuwa Kuseri, daga can a kora su har Maiduguri. Allah ya yi masa buɗi. Yana zaune da matarsa Saudat da 'ya'yansu, da tsohuwar mahaifiyarsa, da ƙanensa Mijinyawa, wanda shi ne hannun damansa a kara, wato kasuwar shanu.

Ba mugu ba ne, ku riƙe wannan da kyau. Ba ya shan giya, ba ya neman mata, ba a taɓa kama shi da cin amanar Bafillace ba. Abin da aka san shi da shi kawai son sani ne. Duk abin da ke motsi sai ya tambayi me ke motsa shi. Agogo bai taɓa yin wata a hannunsa bai kwance bayansa ya leƙa ba. Shin son sani zunubi ne? A'a. Da shi aka haƙa rijiya, da shi aka gano magani. Amma ku saurara ku ji inda nasa ya kai shi.

Wajen 1995 ya sayi wani tsohon gida a unguwar Kabalai, a hannun magadan wani dattijo da ya yi wa Turawa aikin kuku. A ƙuryar gidan akwai wata rumfar kwano a kulle. Da aka ɓalle kwaɗon, sai ga wani abu lulluɓe da tampol, kashin tantabara ya yi masa tudu. Aka yaye.

Mota ce. Amma ba irin wadda idonsa ya saba gani ba. Ja ce, dogon hanci, gajeren baya, ta kwanta ƙasa-ƙasa kamar damisar da ke shirin tsalle. Ƙofa biyu kacal gare ta. A gabanta an liƙa ɗan dokin ƙarfe a guje, babu sirdi babu linzami. Tayoyinta sun sace tun da daɗewa. Ya goge gilashi da hannun riga ya leƙa, ya ga kujeru farare tas, kamar jiya aka ɗinka su.

Magadan suka ce ta wani Ba'amurke ce da ya zo neman mai a ƙasa a shekarun saba'in. Da yaƙi ya shigo gari a 1979, sai ya bar ta a hannun kukunsa ya hau jirgi, ya ce zai dawo. Bai dawo ba, bai aiko ba. Suka ce tana cikin cinikin gida, in ya ga dama ya kira masu sayen tsohon ƙarfe su kwashe.

Bai kira su ba. Sai ya kira Idi, wani makaniki da ya koyi aiki a Duwala. Idi ya ɗaga murfin inji, ya ja da baya, ya ce, "Ya Salam! Alhaji, zo ka gani." Ya shiga nuna bujin da ke ba injin wuta. "Fijo ɗin da muke yi wa kirari, huɗu gare ta. Wannan takwas. Wannan ba mota ba ce, aljani ne aka kulle a kwalba."

Mutumin nan ya kwana biyu abinci ba ya shiga masa. Wa ya ƙera ta? Don me? Me zai sa a zuba ƙarfin babbar mota mai ɗaukar shanu a cikin abin da ba zai ɗauki ko buhu uku ba? Ya bi masu sayar da tsofaffin takardu a bakin babbar kasuwa har ya samu mujallun motoci na Faransanci, Idi yana karantawa yana fassara masa.

Ga abin da suka gano, kuma abin mamaki ne ko ga wanda bai damu da mota ba. Sunanta Mustan, wato dokin jeji wanda ba a taɓa horarwa ba. An fara ƙera irinta a Amurka a 1964, wannan kuwa ƙirar 1969 ce. A wancan zamanin mai yana da araha a ƙasarsu, hanyoyinsu faɗi da tsawo, samarinsu kuma sun fara riƙe abin hannunsu. Sai masu ƙera motoci suka shiga gasa, kowa ya ɗauko ƙaton inji ya cusa a ƙaramin jiki. Ba don kaya ba, ba don iyali ba. Don gudu, da ƙara, da a waiwayo a kalle ka. Ana cikin haka 1973 ta zo, mai ya yi tsada a duniya, aka kuma tsananta dokokin hayaƙi. Masu manyan injin suka zama kaya a wuyan masu su, da yawa a juji suka ƙare. Shekaru suka shuɗe, samarin jiya suka zama dattawa masu furfura da dukiya, sai kowannensu ya tuna motar da ya yi sha'awa yana saurayi. Suka bazama nema. Abin da aka yar jiya ya zama abin rububi.

Kun ji ɗan Adam? Mu a nan in mutum ya samu hali sabuwa yake nema. Su kuwa tsufan suke saye. A gaskiya ma ba mota suke nema ba, ƙuruciyarsu ce, ita kuwa ba a sayar da ita a kowace kasuwa.

Mutumin ya ɗau alwashin sai ta tashi. Ya aika Maiduguri, ya aika Duwala, ya aika Kwatano. Abin da ba a samu ba Idi ya ƙera da hannu. Ranar da injin ya kama, kaji suka watse, jakin mai ruwa ya tsinke igiya, tsofaffin da suka ga yaƙi suka fara neman wurin ɓuya. Shi kuwa dariya ya yi ta yi har hawaye. A ranar ya ɗauki Idi da Mijinyawa, suka bi titin bakin kogi, iska na kaɗa hulunansu. Bayan nan ya kai amaren unguwa da ita, ya zagaya da yaran maƙwabta. Har zuwa wannan lokacin mota ce kawai, kuma ni'ima ce cikin ni'imomin Ubangiji.

Sai aka fara aikin mai a kudu, Amurkawa suka cika gari. Wata rana wani daga cikinsu, dattijo mai jan wuya, ya gan ta a gidan mai. Ya biyo mutumin har gida tare da tafintansa. Yana zuwa ya cire hula, ya durƙusa, daga nan ya kwanta rigingine a cikin ƙasa ya shige ƙarƙashin motar da tocila. Ya duba lambar da ke jikin inji, ya duba wadda ke jikin mota, ya ga sun dace. Ya shafa kujerun da bakin yatsa kamar mai taɓa jariri. Tafinta ya ce, "Ya ce injinta na asali ne, fentinta na asali, kujerunta na asali. Ya ce irin wannan a ƙasarsu ma sai an tona. Kada ka sake fenti, kada ka yawaita hawa. Kujerun nan kuwa, tabo ɗaya ya hau su, rabin darajarta ya tafi."

Baturen ya nemi a sayar masa. Mutumin ya yi murmushi ya girgiza kai.

Ya 'yan uwa, kada ku ce kwaɗayin dukiya ne ya shige shi, ai da ya sayar. Abin da ya gani shi ne, ga Bature kwance cikin ƙasa a gaban abin da yake nasa. Daɗin wannan ne ya sauka a zuciyarsa ya yi saiwa. Shaiɗan ba ya wahalar da kansa a ƙofar da ka kulle. Ta wadda ka bari a buɗe don shan iska yake shigowa.

Daga ranar ba wanda ya ƙara shiga motar sai shi kaɗai. Ya gina mata ɗaki da siminti da fanka, alhali ɗakin mahaifiyarsa yana yoyo. Ya zuba jar ƙasa da tsakuwa daga ƙofar gidansa har bakin kwalta, don kada taɓo ya taɓa ta. Kullum bayan sallar asuba sai ya tayar da injin ya bar shi ya yi gurnani na ɗan lokaci don kada ya daskare, har matan unguwa suka mai da ƙarar alamar ɗora tukunya. Ranar Juma'a kaɗai yake fita da ita, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. A masallaci kuwa sahun ƙarshe yake tsayawa, inda zai iya hango ta ta wutsiyar ido. Ku faɗa mini, mai irin wannan sallar, ina alƙiblarsa take?

Wata rana mahaifiyarsa ta ce, "Ka kai ni unguwar Farsha in gaida ƙanwata mana, in ɗana motar nan taka da ake ta faɗa." Ya dubi ƙafafunta da ke da ɗanyen lalle, ya dubi goron da ke bakinta. Ya ce, "Inna, kujerarta ta yi ƙasa, gwiwarki za ta yi ciwo." Ya kira mata taksi. Tsohuwa ta ce, "Allah ya yi albarka," ta shiga ta tafi.

Kara kuwa ya sakar wa Mijinyawa. Shi ke shan rana, shi ke bin Fulani rugage, shi ke ƙetara gada. Bai taɓa yin ƙorafi ba. In an tsokane shi sai ya ce, "Ku bar Yaya da amaryarsa."

A daminar 2005 wani maƙwabcinsu ya nemi bijimi don walima. Mijinyawa ya kawo shi da kansa, jan bijimi mai dogayen ƙaho. An yi ruwa mai yawa da hantsi, lungunan unguwa duk sun cika, ba taksin da zai shigo. Suna isa ƙofar gidan maƙwabcin, wani abu ya firgita bijimin, ya fizge, igiya ta suɓuce, ya juyo ya soki Mijinyawa a cinya ya ɗaga shi ya yar.

Jini ya ɓalle kamar an yanka rago. Mutane suka taru, wani ya ɗaure cinyar da rawani, nan da nan rawanin ya jiƙe. Tsohuwa ta fito ba mayafi. Ta dubi babban ɗanta ta ce, "Fito da motar."

Ga mota a ɗakinta, da mai cike. Ga hanyar tsakuwa har kwalta, ita kaɗai ce ruwa bai ci ba a duk unguwar. Ga mabuɗi a aljihunsa. Ya ruga har bakin ɗakin, ya buɗe ƙofar motar. Sai idonsa ya sauka a kan fararen kujerun. Ya waiwaya ya dubi jinin.

Ba dogon tunani ya yi ba, 'yan uwa. Ƙiftawar ido ce. Ya gaya wa kansa raunin bai kai haka ba. Ya gaya wa kansa yanzu taksi zai zo. Ya rufe ƙofar, ya dawo ya ce, "Batir ya mutu."

Mijinyawa yana kwance, ya ɗago ido ya dube shi. Ya ce, "Yaya."

Aka ɗora shi a amalanken mai ruwa, samari suka tura cikin taɓo. Suka daɗe a bakin kwalta kafin wata motar itace ta tsaya. Kafin a kai ƙofar asibiti rai ya yi halinsa.

A wurin jana'iza ba wanda ya tayar masa da maganar motar. Aka yi masa gaisuwa kamar yadda ake yi wa kowa. Amma duk wanda ya miƙa masa hannu a ranar ya ji gurnanin injin nan da asubar ranar, kamar kullum. Ƙarar da yake alfahari da ita, ita ta ba da shaida a kansa, gida gida.

Bayan sadakar bakwai mahaifiyarsa ta ɗaure kayanta a zane. Ya tare ta a zaure ya ce, "Inna, ina za ki?" Ta ce, "Wurin Talatu, a Kuseri." Talatu ƙanwarsa ce, a can take aure. Ya ce, "Me aka yi miki a nan?" Ta dube shi ta ce, "Kunnena bai mutu ba. Na ji kukanta da safiyar ranar." Ba ta yi masa baki ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta wuce.

Daga nan abubuwa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ya koma kara, ya tarar Fulanin da suka saba ba gidansu shanu sun juya baya. Wani tsohon ardo ya faɗa masa a gaban jama'a, "Mu Mijinyawa muka sani. Wanda bai ɗauki ɗan uwansa ba, yaya zai yi da saniyar wani?" Idi ya daina zuwa. Saudat ta yi haƙuri iya haƙuri, ta roƙe shi ya rabu da motar, ya je ya durƙusa gaban mahaifiyarsa. Ya ce zai je, sai bayan kaka. Kaka ta wuce, ya ce sai bayan azumi. Da ta ga yaran unguwa sun fara yi wa 'ya'yanta waƙa, ta kwashe su ta koma gidan iyayenta a unguwar Marjandafak.

Za ku yi zaton zai tsani motar nan. Ina! Ƙara manne mata ya yi. Yana goge ta safe da yamma, yana yi mata magana. Kun san dalili? Domin in ya yarda ƙarfe ce kawai, to ya yarda a banza ƙanensa ya mutu. Dole ta zama abin da ya fi komai daraja a duniya, in ba haka ba ba zai iya haɗiye tuwo ba. Haka zunubi yake. Sai ya sa ka yi ta gadinsa, don kada ka ga girmansa.

Sai Fabrairun 2008 ta zo, 'yan tawaye suka shigo gari da yaƙi. Da yawanku kun ƙetara gada da ƙafa a kwanakin nan, da yara a kafaɗa, ba sai an ba ku labari ba. Kabalai ta watse. Mijin Talatu ya aiko masa cewa ya taho, tsohuwa ba ta da lafiya. Ya ce wa ɗan aiken ba zai bar gida ba kowa ba. Ya kulle ƙofa, ya jefa mabuɗin motar a rijiya don kada a tilasta shi, ya zauna a bakin ɗakinta da sanda.

Bayan 'yan kwanaki, da rana tsaka, wasu 'yan wawaso suka ɓalle ƙofar. Ya tare su yana ihu da Hausa da Larabci, "Ba ku san mece ce wannan ba! Ƙirar sittin da tara ce! Injinta na asali ne!" Ɗayansu ya ce, "Shunu?", wato "Me?" da Larabci, suka bushe da dariya. Suka nemi mabuɗi, babu. Suka hankaɗe shi ya faɗi, kafaɗarsa ta goce. Yana kwance yana kallo suka kwance tayoyi, suka cire batir, suka fasa gilashi, suka sa ƙarfe suka ɓanɓare duk abin da zai ɓanɓaru. Kujerun ma suka tumɓuke, suka ɗora a ka suka fita. Ba su san tarihi ba, ba su san lamba ta dace da lamba ba. Abin da za a sayar a kasuwa kawai suka gani.

Da ƙura ta lafa, ya tashi ya tsaya a kan abin da ya saura. A nan ne, a karo na farko, ya ga ƙarfe ne. Ƙarfe da roba da waya. Ya fashe da kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Ya rataye hannunsa da tsumma, ya kama hanyar Kuseri a ƙafa, yana tafe yana shirya abin da zai faɗa wa mahaifiyarsa.

Ya iske tabarmi shimfiɗe a ƙofar gidan Talatu. Tsohuwa ta rasu, an riga an yi sadakar uku.

Talatu ta fito, idanunta sun kumbura. Ya zube a gabanta ya ce, "Ta ambace ni?"

Ta ce, "Ta ambace ka. Ta tambaya ko kana samun mai dafa maka abinci."

Ya ce, "Ta yafe mini?"

Talatu ta share ido da gefen mayafi. Sannan ta ce, "Yaya, kullum da la'asar sai ta sa a fitar mata da tabarma bakin ƙofa, tana kallon hanya. Ai ba ka zo ka nema ba."

Yana nan da rai, an ce. Hannun bai koma daidai ba, fatauci ya ƙare, gidan Kabalai ya fita hannunsa. A zauren wani ɗan uwansu yake kwana.

Ya 'yan uwa, kada wani ya tashi daga nan ya ce an haramta mota, ko an haramta son abu mai kyau. Wanda ya ba ɗan Adam basirar ƙera inji mai buji takwas, shi ya ba ka idon da za ka gani ka yi mamaki. Ka yi mamakin, ka yi tasbihi. Laifin ba a jikin ƙarfe yake ba. Mutumin nan bai wayi gari ya zaɓi kujera a kan ƙanensa ba. Ya daɗe yana zaɓe kaɗan kaɗan: ranar da ya koma sahun baya, ranar da ya bar ɗakin uwa yana yoyo, ranar da ya kira taksi. Da babbar jarrabawa ta zo, zuciyar ta bi hanyar da aka saba mata.

Kada kuma ka ce ai kai ba ka da mota. Kowa yana da abin da ya gina wa ɗaki a zuciyarsa. Wani shagonsa ne, wani garkensa, wani sunansa a bakin mutane, wani ma iliminsa. Ka tambayi kanka yau, tun ba a kawo maka mai jini ƙofar gida ba: mene ne abin da ba zan yarda ya yi tabo ba, ko da ran Musulmi ne a ɗaya gefen?

Ƙofar tuba a buɗe take ga mutumin nan da ma waninsa, rahamar Ubangiji ta fi zunubin kowa faɗi. Amma haƙƙin bawa a wurin bawa ake nemansa, kuma kabari ba ya amsa sallama da "na yafe". Wanda uwarsa ke da rai, wanda ya san akwai ɗan uwan da ya ɓata wa, kada ya jira kaka, kada ya jira bayan azumi. Ya tashi daga nan ya nufi can.

Ya Ubangiji, abin da ka ba mu na duniya ka bar mana shi a tafin hannu, kada ka bari ya shige mana zuciya. Ka jiƙan waɗanda suka riga mu, ka sa mu rabu da iyayenmu suna masu yarda da mu. Daga son abin da zai kai mu ga nadamar da ba ta da magani, Allah ya kiyaye mu baki ɗaya. Amin.